Kaset ɗin bakof na sabarmu sun ƙi karantuwa, dan Allah a taimaka

Sabo_Auyo: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Dan Allah masu ilimin saba ina neman agaji. Ina aiki da wata ƙungiyar manoman shinkafa a nan wajen Auyo, muna da saba (babbar kwamfutar ajiyar bayanai) guda ɗaya mai Linux da aka ba mu tun lokacin wani shirin tallafi, a cikinta ake rubuta bashin taki da iri da kuɗin ban ruwa na kowane manomi. Had-disk ɗinta ya mutu, mun sa sabo mun ɗora Ubuntu, saura dawo da bayanai daga kaset ɗin bakof, wato inda ake ajiye kwafinsu. Injin kaset ɗin LTO-5 ne (LTO nau'in kaset ne na ajiyar bayanan kwamfuta, lambar kuma tsararsa ce), kaset guda shida na tarar a durowa, huɗu LTO-5 biyu LTO-4. Wanda yake kula da ita a da ya bar aiki kuma lambarsa ba ta shiga. In na buga tar -tvf /dev/st0, wato umarnin jero fayilolin da ke kan kaset, uku suna cewa "Cannot allocate memory", ɗaya ya ce "This does not look like a tar archive", biyu kuma "Input/output error", ɗayan nan take, ɗayan sai ya yi ta juyi tukuna. Ga kaka ta matso mutane za su fara kawo buhunan biyan bashi kuma ba mu san wa ake bi nawa ba.

Injiniya_Gumel: Wa alaikumus salam. Sabo kafin komai, tashi yanzu ka fito da kaset ɗin duka, akwai ɗan jan maɓalli a gefen kowanne, ka ja shi ya rufe ramin, wato ka hana rubutu a kai. Kada ka sake sa ko ɗaya a inji sai ka yi wannan. Harafi ɗaya ne tsakanin tar -t mai karantawa da tar -c mai rubutawa, in hannu ya zame ka gama da kaset ɗin.

yaro_mai_waya: cannot allocate memory ai RAM ne yayi kaɗan oga, ka ƙara RAM kawai zai tashi

Malam_Habu_Linux: A'a ƙanena, ba RAM ba ne, ko 64GB ya sa haka zai gani. Shi kaset bulok-bulok ake rubuta shi, kuma tar in ba ka gaya masa komai ba yana neman bulok mai bayit 10240 ne, wato 20 sau 512. Idan wanda ya rubuta kaset ɗin ya yi amfani da bulok da ya fi haka girma, to Linux zai ce wurin da aka tanada bai isa ba, shi ne wannan saƙon. Ni a wurina ma albishir ne, domin yana nuna injin ya ga bayanai a kai. Sabo ka sa ɗaya daga cikin ukun, bayan ya ba ka saƙon ka buga dmesg, umarnin da ke nuna saƙonnin Linux kan na'urori, ka turo mana layukan ƙarshe.

Sabo_Auyo: Na ja jan maɓallin duka Injiniya, na gode. Malam Habu ga abin da ya fito: st0: Failed to read 262144 byte block with 10240 byte transfer

Malam_Habu_Linux: Alhamdulillah, ai ya faɗa maka amsar da bakinsa. Raba 262144 da 512, ka samu 512. Sai ka buga tar -b 512 -tvf /dev/nst0. Ka lura nst0 na ce ba st0 ba. Kuma ka ɗora mt-st, manhajar sarrafa injin kaset, tukuna, saboda mt ɗin da Ubuntu ke zuwa da shi ba ya gane setblk. Bayan nan mt -f /dev/nst0 rewind, sai mt -f /dev/nst0 setblk 0 domin injin ya karɓi kowane girman bulok.

Garba_Wudil: ni dai ina ganin matsalar LTO-4 ɗin nan ce, injin 5 ba zai karanta 4 ba, kowanne da nasa. ku nemi sabon inji kawai, naji ance LTO-8 yana ɗaukar komai

Injiniya_Gumel: Malam Garba wannan ba haka ba ne, kuma dan Allah kada a sa su kashe kuɗin manoma a banza. Injin LTO-5 yana karanta 5 da 4 da 3, yana rubutu a 5 da 4. Wannan ƙa'idar ta karanta tsara biyu baya ta tsaya ne a LTO-7. Shi LTO-8 da ya fito a 2017, 8 da 7 kawai ya sani, in ka tura masa LTO-5 ba abin da zai yi da shi. In ma za su aro inji don gwaji to 5 ko 6 za su nema, don 7 ba zai karanta LTO-4 ɗinsu ba.

Garba_Wudil: to madalla, na ƙaru. Allah ya saka

Hajiya_Akanta: Sabo ɗana, ni ban san kan waɗannan injinan ba amma na yi aikin lissafin ƙungiya shekaru. Kafin kaset su tashi ku tattara kwafin rasit da littafin sito, duk buhun takin da ya fita ai akwai wanda ya sa hannu ko ya dangwala. Ku zauna da sarkin noma da shugabannin rukuni ku fara jera sunaye. Kuma kada labari ya bazu a gari cewa kwamfuta ta mance bashi, akwai masu tsoron Allah da za su kawo nasu ko ba a tambaye su ba, akwai kuma waɗanda sai an nuna musu takarda.

Sabo_Auyo: Gaskiya ne Hajiya, shugaba ma ya sa an fito da littattafan. Matsalar ita ce daminar bara ɗakin ajiyar ya yi yoyo wasu rasit ɗin sun manne, shi ya sa hankalinmu ya koma kan kaset. Malam Habu ya yi!! sunayen fayiloli suna ta zubowa a kaset na farko, na ga wani mai suna da .sql.gz a ƙarshe, kwanan watansa na 2022 ne

Malam_Habu_Linux: Masha Allah, wannan .sql.gz ɗin shi ne rumbun bayananku da aka juye aka matse, shi kuke nema. Amma kada ka tsaya ciro fayil ɗaya-ɗaya daga kaset kana komawa baya kana dawowa. Juye kaset ɗin gaba ɗaya zuwa disk sau ɗaya da umarnin kwafi na dd: rewind, sai dd if=/dev/nst0 of=kaset1.img bs=1M, in ya tsaya ka sake bugawa da wani suna ko akwai fayil na biyu a bayansa, har sai ya daina ba ka komai. Daga nan duk binciken da za ka yi a kan kwafin za ka yi shi, kaset ya koma kwalinsa ya huta.

Auwalu_Sola: Tambaya ɗaya, da wace wuta kake wannan aikin? Don in janareto ne kai tsaye ba UPS wallahi ina jin tsoro, in ya yi tari a tsakiyar karatu kaset na iya maƙalewa a ciki. Na taɓa zuwa wani ofis a ƙauyen Kazaure inda wuta ta ɗauke injin na tsakiyar aiki, da aka dawo suka yi ta danna maɓallin fitarwa suna ja da hannu har ɗan ƙarfen bakin zaren kaset ɗin ya fita daga mazauninsa, daga ranar kaset ɗin bai sake shiga ba. In haka ta faru a bar injin ya gama komawa farko da kansa, yana iya ɗaukar mintoci masu yawa. Ka yi aikin da rana lokacin da batiran sola suka cika.

Sabo_Auyo: Inbata muke da shi da batir biyu Auwalu, amma sun tsufa, da la'asar sun fara ƙara. Zan riƙa yi daga hantsi zuwa azahar

Injiniya_Gumel: Ƙari a kan maganar Malam Habu, kada ka juye zuwa filasha ko ƙaramin disk na USB mai jan ƙafa. LTO-5 yana iya gudun 140MB a daƙiƙa, in wurin da yake zubawa ba ya karɓa da sauri sai ya riƙa tsayawa yana ja da baya yana sake tashi, za ka ji sautin ma, kuma wannan yana cin kan injin, wato sashen da ke karanta kaset, da zaren. Zuba a had-disk na cikin saba tukuna.

Dan_Maigatari: ni fa abin da ban gane ba, wa yake amfani da kaset a wannan zamanin? ku sa komai a Google Drive ku huta mana

Auwalu_Sola: Dan Maigatari kai kana kusa da kasuwa sabis na kama maka. Je ka cikin fadama ka ɗora fayil mai nauyi ka gani.

Malam_Habu_Linux: Manyan kamfanonin duniya har gobe suna ajiya a kaset, LTO-9 na 2021 yana ɗaukar 18TB, kuma kaset ɗin da ke cikin durowa ɓarayin intanet masu kulle bayanai ba su isa su taɓa shi ba. Amma a gaskiya ga ƙungiya irin ta su Sabo da duk lissafinta bai wuce 'yan megabayit ba, maganar Dan Maigatari tana da ƙamshin gaskiya, wannan .sql.gz ɗin ko da datar waya za a iya tura shi duk Juma'a. A haɗa biyun. Amma mu koma kan aiki, akwai sauran kaset uku masu ciwo daban.

Sabo_Auyo: To wanda ya ce does not look like a tar archive ɗin LTO-4 ne. Na gwada mt -f /dev/st0 fsf 1 don tsallake fayil ɗaya kamar yadda na gani a wani wuri sannan na sake tar, amsa ɗaya yake ba ni

Injiniya_Gumel: Ga dalilin nan a rubutunka, st0 ka sa. Shi st0 duk lokacin da umarni ya ƙare sai ya mayar da kaset farko, wato ka tsallake fayil ɗaya ya dawo da kai inda ka taso. nst0 shi ne mai tsayawa inda aka bar shi. Amma kafin ka tsallake duba mene ne a farkon: dd if=/dev/nst0 of=farko bs=1M count=1, sai file farko, sai strings farko ka karanta. In ka ga ustar to tar ne. In ka ga TAPE a farko to Windows ne ya rubuta shi da NTBackup ko Backup Exec. In ka ga sunan Bacula sai a nemi bls da bextract, in AMANDA ne shi ma yana rubuta sunansa a bulok na farko. Kowace manhaja da irin rubutunta, tar nasa kawai ya iya karantawa.

Sabo_Auyo: Rubutu ne kawai a ciki Injiniya, kwanan wata da jerin sunayen fayiloli. Da na yi fsf 1 da nst0 sai tar ya karanta na bayansa lafiya lau ba ma sai da -b ba. Na 2019 ne da 2020. Allah ya ƙara basira

Baffa_Rano: Ina bin ku tun ɗazu. Sabo, a ina kaset ɗin nan suke zaune duk shekarun nan? Don na ga ka ce durowa.

Sabo_Auyo: Durowar tebur ce Baffa, a ofis, rufin kwano ba silin, wasu ma ba sa cikin kwalinsu

Baffa_Rano: To ka ji. Masu yin kaset ɗin nan suna cewa ajiya mai tsawo a wuri mai sanyin digiri 16 zuwa 25 ake yinta, mu kuma a watan Afrilu inuwa ma tana haura 40, balle ƙarƙashin kwano. Sannan ga ƙurar hunturu da ke shiga ko'ina, sannan damina ta zo da laima, ku kuma kuna bakin fadama. Wanda ya yi ta juyi kafin ya ba da Input/output error ina kyautata zaton ko zaren ya lalace a wani wuri ko kan injin ya yi datti. Duba gaban injin, akwai fitilar da aka rubuta Clean ko harafin C yana nunawa?

Sabo_Auyo: Eh Baffa fitilar Clean tana ƙiftawa ruwan lemo, ban san tun yaushe ba. dmesg kuma ya ce Sense Key : Medium Error, Unrecovered read error

yaro_mai_waya: a buɗe injin a goge kan da auduga da sipirit, haka muke yiwa na bidiyo

Baffa_Rano: Kul yaro! Kada a kuskura. Kan LTO ba irin na bidiyo ba ne, layukan da yake bi sun fi gashi siriri nesa ba kusa ba, in ka goce shi ka rasa injin, su kuma ba su da wani. Akwai kaset na musamman na wanki, ana sa shi ya yi aikinsa ya fito da kansa, guda ɗaya yana yin wanki har sau 50. Shi za a nema. Kuma kada a kai kaset kusa da lasifika ko wani babban maganaɗisu, akwai layukan jagora da aka rubuta tun daga masana'anta, in suka goge kaset ɗin ya tashi aiki har abada. Kada kuma wani ya ce a sa a firji, in ya fito raɓa za ta kwanta a kan zaren.

Garba_Wudil: a Kano a gwada Beirut Road ko Farm Centre, amma gaskiya da wuya, irin wannan kaya sai dai a yi oda daga Legas. ka tambayi masu kula da saba a bankuna ko jami'a ko wani zai ara maka

Injiniya_Gumel: Ina da ɗaya da bai ƙare ba, kuma na wankin LTO iri ɗaya ne ga duk tsararrakin nan, zai yi a naka. In kana da mai zuwa Gumel ko direban da ka yarda da shi a layin Hadeja ka yi min magana ta gefe. Amma ka dakata da sa sauran kaset har a wanke, kuma wannan mai ciwon ka bar shi na ƙarshe, don kaset mai zubar da ƙura shi ne ke sake ɓata kan. In bayan wanki ya sake tsayawa a wuri ɗaya to zaren ne, sai ka ɗauki abin da ya samu kafin wurin, ka gwada mt fsr 1 ka tsallake bulok ɗin da ya lalace ka ci gaba da dd a wani fayil. In tar ne zalla ba a matse ba za a tsira da yawancin fayilolin, in an matse shi gaba ɗaya da gzip to abin da ke bayan ramin sai addu'a.

Sabo_Auyo: Allah ya saka da alheri Injiniya zan turo. Amma kafin in ga saƙonka na riga na juye sauran biyun masu babban bulok. Na biyun lafiya, 2023 ne. Na ukun shi ne na bana wanda muka fi buƙata, fayil ɗaya ne tak a kai kuma ya yanke a tsakiya, tar ya ce Unexpected EOF in archive, bai kai ga .sql.gz ɗin ba. Alhali an ce min kullum da dare sabar tana yin bakof da kanta tun farkon shekara

Malam_Habu_Linux: Innalillahi. Ina jin na gane abin da ya faru, ko da yake sai an ga umarnin da aka tsara mata kafin a tabbatar. In st0 aka sa a ciki, to kowane dare kaset yana komawa farko a rubuta na yau a kan na jiya, kamar yadda muke ɗaukar sabon karatu a kan tsohon kaset ɗin rediyo. Daren ƙarshe kuma disk ɗin yana mutuwa ko wuta ta yanke, aikin bai kai ƙarshe ba. Shi LTO in ya gama rubutu yana sa alamar ƙarshen bayanai, kuma inji na yau da kullum ba ya yarda ya karanta abin da ke bayan wannan alamar ko da tsohon rubutun yana nan kwance.

Dan_Maigatari: to ba wata dabara kenan?

Malam_Habu_Linux: Akwai kamfanonin ceto bayanai masu injinan da aka gyara don wuce alamar, amma kuɗinsu ba na wasa ba ne, kuma farkon tsohon bakof ɗin an riga an taka shi. Ni da zan ba da shawara, tsohon had-disk ɗin da ya mutu ya fi wannan kaset ɗin alamar nasara. Sabo yana ina? Kada a jefar, kada a sake kunna shi ana gwadawa.

Injiniya_Gumel: Ni ban gama yarda cewa an taka na baya ba Malam Habu. In wuta ce ta yanke ana cikin rubutu ai injin bai samu damar sa alamar ba, kuma da dd ya ƙare da kuskure ne ba ya tsaya shiru ba. Sabo, da dd ya gama da wannan kaset ɗin, shiru ya tsaya ko ya yi ƙorafi? Sannan na shidan nan da ke ba da kuskure nan take har yanzu ba mu ji me dmesg ya ce a kansa ba, mai yiwuwa ma shi ne na bana na gaskiya.

Sabo_Auyo: Disk ɗin yana nan a kabad Malam, yana ƙara ƙas-ƙas in an kunna shi ya sa muka cire. dd shiru ya tsaya bai yi ƙorafi ba. Na shidan na duba abin da ya rubuta ɗazu, ba Medium Error ba ne, cewa ya yi Data Protect, Unable to decrypt data. A jikinsa an rubuta "na shugaba" da biro ba kwanan wata

Baffa_Rano: To wannan lafiyarsa ƙalau, kulle shi aka yi. Tun daga LTO-4 injin yana iya rufe bayanai da makullin sirri na AES-256, kuma ba a ajiye makullin a jikin kaset. Ba mai fasa shi, ko a Kano ko a Amurka. A Linux yawanci da wata 'yar manhaja stenc ake sa makullin, kuma yana zama ne a wani ɗan fayil. Ka bincika cikin kwafin 2022 da 2023 da ka juye, musamman /etc da /root, ko Allah zai sa bakof ɗin ya kwaso shi. A nan ma za ka ga umarnin daren da Malam Habu ke magana.

Hajiya_Akanta: Shi wannan yaron da ya bar aikin ba daga sama ya faɗo ba, yana da iyaye yana da dangi. In ɗan yankin ne a je wurin mahaifinsa ko mai unguwarsu cikin mutunci a ce ana neman taimakonsa, ba tuhuma ba. Mai yiwuwa ma shugaban na lokacin ne ya ce a kulle, tunda an rubuta na shugaba, a tambaye shi ko an taɓa ba shi wata takarda ko filasha ya ajiye.

Sabo_Auyo: Ɗan wajen Kafin Hausa ne Hajiya, an ce yana Abuja yanzu. Sakatarenmu ya san yayansa, gobe in Allah ya kai mu zai je. Tsohon shugaban kuma yana nan da ransa zan same shi bayan magariba

Auwalu_Sola: in kun tashi gyaran batiran nan ku duba na lithium, sun fi jure zafin nan namu, kuma ku sa wa sabar UPS nata daban mai iya kashe ta a hankali in caji ya yi ƙasa

Malam_Habu_Linux: Tunda dd shiru ya tsaya to akwai alamar ƙarshe Injiniya, ka ga kenan ba wuta ba ce, tar ne ya mutu da disk ɗin ya ƙi karantuwa, injin kuma ya rufe abinsa daidai. Ina nan kan bakata.

Injiniya_Gumel: Zai yiwu, amma sai na ga crontab ɗin, wato jadawalin umarnin daren, zan sallama. Sabo ka nemo var/spool/cron da etc/cron.d a cikin kwafin 2023 ka manno mana layin da ke kiran tar ɗin yadda yake, kada ka gyara komai. Kuma ka turo sunan direban kafin motocin safe su tashi.